Man Inna Ya Ƙi Kamawa

Laraba, 4 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na sayi wannan littafi ne don in riƙa rubuta awo da zafin wuta, ba don hira da kaina ba. Amma tun da babu wanda zan yi wa magana a gidan nan sai kujeru, bari in fara da yadda abin yake.

Yau kwanan Inna huɗu a asibiti. Yaya ce ke jinyarta. Ni kuma an bar mini ɗakin mai.

Shekara ashirin da biyu Inna tana dafa man shafawa a ƙaramin ɗakin da ke bayan gida. Fari ne, ba turare, masu kaushi da masu ƙaiƙayin fata ke nemansa. Da shi ta riƙe mu bayan rasuwar Baba, da shi na yi karatu. A bangon ɗakin akwai takardar izini cikin gilashi, Inna tana goge ta kafin ta goge madubinta. Duk shekara biyu jami'ar hukuma takan zo ta ga sabon dahuwa, ta ɗauki kwalba ta kai gwaji, sannan a sabunta takardar. Bana ranar Alhamis 26 ga wata za ta zo. In ba ta tarar da mai ba, izini ya faɗi, kuma neman sabo sai mai ɗakin ta je da ƙafarta. Mijin Yaya har ya fara cewa ɗakin zai yi kyau da shagon ɗinki.

Inna tana da doka: kwalba ba ta fita sai ta yi kwana bakwai a taga, rana tana dukanta, ba ta tsinke ba. Ke nan ranar 19 ce ranar ƙarshe da zan iya dafawa.

Shekarata goma sha ɗaya ina koyar da ilimin sinadarai a sakandare. In ban iya haɗa mai da ruwa ba, gara in mayar musu da allinsu. Gobe zan dafa, takardar nan ba za ta sauka daga bango ba.

Alhamis, 5 ga wata, bayan an tashi makaranta

Inna ba ta karatu, awonta yana kanta. Amma akwai takarda, ni na rubuta ta da hannuna shekara shida da suka wuce, lokacin da hukuma ta ce sai an kawo tsarin haɗin a rubuce. Tana faɗa ina rubutawa, ina gyara mata. Farin kaki kofi kaza, mai kofi kaza, gilisirin, soda murfin kwalba uku, maganin hana lalacewa, ruwa.

Na narka kaki da mai a tukunya ɗaya. Na narka soda a ruwan zafi a ɗayar. Na sa ma'aunin zafi, abin da Inna ba ta taɓa yi ba, ita bayan hannu take kangawa a kan tururi. Na zuba ruwan cikin man a hankali, na yi ta juyawa da muciyarta har kafaɗata ta ƙage. Ruwan daga famfon da na ja mata har cikin ɗakin watanni biyu da suka wuce na ɗebo, mai tsabta, daga rijiyar burtsatse. Babu sauran ɗaukar bokiti.

Ya yi fari. Akwai 'yan gudaji, amma na ce zafi ne. Na cika kwalba ɗaya na ɗora a taga.

Har na ji ina alfahari, ba zan ɓoye ba.

Juma'a, 6 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Ya tsinke. Mai a sama, ruwa a ƙasa, gudaji a tsakiya.

Asabar, 7 ga wata, da hantsi

Bari in rubuta abin yadda nake faɗa wa 'yan aji, ko zan ga inda na kauce.

Ruwa da mai ba sa shiri. Sabulu ne ke shiga tsakani, don kowace ƙwayarsa kamar talibambam take: kai da jela. Kan yana son ruwa, jelar ba ta son ko jin ƙamshinsa, mai take so. In ka zuba kaɗan a ruwa, sai su yi layi a saman ruwan, kawuna a ciki, jeloli a waje, su sassauta masa fata. Shi ya sa allurar da na kwantar a saman ruwa take nutsewa da zarar na ɗiga sabulu, yara su yi ta tafi kamar na yi tsafi. In saman ya cika babu wurin tsayawa, sai sauran su dunƙule cikin ruwan, jeloli a ɓoye a tsakiya, kawuna a waje. Wannan curin shi littafi ke kira maisel. Maiƙo ya samu cikinsa ya fake, ruwa ya tafi da shi, wanki ke nan.

Man Inna ma haka ne. Kaki da soda suna haɗuwa su zama sabulu a cikin tukunya. Muciya tana farfasa man ya zama ƙananan ɗigo, talibambam su kewaye kowane ɗigo, jela a mai, kai a ruwa. Kawunan kuma ba sa yarda su kusanci juna, don haka ɗigo ba ya komawa ga ɗan'uwansa. Abin da Inna ke cewa ya kama ke nan.

To na san wannan duka. Na zana shi a allo ya fi sau ɗari. Zafin ne bai daidaita ba, gobe zan kula.

Gangunan Inna uku suna nan a kife bayan ɗaki, inda na bar su. Yau sati guda. Ba zan yi maganarsu ba.

Litinin, 9 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na biyu ma ya tsinke.

Na kai abinci asibiti. Na tsaya a baranda kamar kullum, na kira Yaya a waya ta fito ta karɓa. Ta rame, idanunta sun faɗa.

Ta ce, “Farfesa, yau ma ba za ka shiga ba?” Haka take kirana tun ina aji uku, ba don girmamawa ba.

Na ce, “Ina da tukunya a wuta.”

“Kullum kana da tukunya a wuta. Uwarka ce fa a ciki.”

Na tambaye ta jikin. Ta ce hannun dama har yanzu shiru, ƙafar ta ɗan motsa. Bakin ya fara sakewa, tana cewa ruwa, tana cewa a'a, ta kira sunan Yaya sau biyu. Na so in tambaya ko ta kira nawa, ban tambaya ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Ta ce, “Man fa?”

“Yana tafiya.”

Ta dube ni irin duban da take yi mini in na saci sukari muna yara. “Auta, in ya gagara ka faɗa. Ba wanda zai kama ka.”

“Bai gagara ba, Yaya.”

Ta labule na hango ƙafafun Inna a ƙarshen gado, an rufe su da zanenta mai ruwan ƙasa. Dugadugan sun bushe. Ban taɓa ganin dugadugan Inna a bushe ba.

Talata, 10 ga wata, da la'asar

Na yanke cewa kakin ne. Na ɗauki sauran buhun na tafi wurin Mai Kanti, wanda Inna ke sayen kayan haɗi a wurinsa tun ina ɗan makaranta. Na shiga da zafina, na ce ya ba tsohuwa jabu.

Bai ɗaga murya ba. Ya damƙi kakin, ya murza, ya shinshina. Ya ce, “Malam, buhun nan da shi Hajiya ta yi dahuwa biyu kafin ta kwanta, ta aiko mini da kwalba. Ga ta can.” Ya nuna kantar da ke bayansa. Man yana zaune lafiya lau, fari tas.

Na ce to sodar ce.

“Ita ma ita ce. Me ka canza?”

“Ban canza komai ba. Na ma ƙara ma'aunin zafi.”

Ya yi murmushi. “To ko ma'aunin ne man bai saba da shi ba.”

Ban yi dariya ba. Na sayi sabon kaki da sabuwar soda duk da haka, don kada in fita hannu biyu.

Alhamis, 12 ga wata, da safe

Na uku. Sabon kaki, sabuwar soda. Ya tsinke.

Juma'a, 13 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Mai Wanki ya zo, maƙwabcinmu. Ya kawo kwalbarsa babu komai a ciki, ya nuna mini hannuwansa, duk sun tsattsage tsakanin yatsu. Ya ce wata ashirin bai ga jini a hannunsa ba sai makon nan. Na ce ya ƙara haƙuri.

Ya leƙa tukunya ya ga gudajin. Ya ce, “Malam, da ruwan famfon nan ka yi?”

Na ce da shi, me ya faru?

“A'a, ba komai. Ni dai ka tuna da ka ce in riƙa ɗiba kyauta, kwana biyu na yi na bari. Yana cin sabulu. Ka zuba, ka zuba, ba kumfa, sai wani farin datti a bakin baho, farar riga ta fito kamar ba a wanke ba.”

Na ce masa an gwada ruwan nan, ni na kai shi da kaina, babu ƙwayar cuta ko ɗaya.

Ya ce, “Ai ban ce yana da cuta ba. Na sha ne, Malam, mai daɗi ma.” Ya waiga bayan ɗaki inda gangunan suke, ya dawo da idonsa da sauri. Ranar Asabar ɗin da aka kai Inna asibiti yana nan, shi ya nemo mota. Ya ɗauki kwalbarsa ya ce Allah ya ba Hajiya lafiya.

Mutum ya gama jami'a, mai wanki ya zo yana koya masa ruwa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na tafasa ruwan kafin in zuba, kowa ya san ina tafasawa.

Asabar, 14 ga wata, da azahar

Mijin Yaya ya zo da awo a aljihu. Wai wucewa yake. Ya auna faɗin ƙofa, ya ƙwanƙwasa bango, ya ce keken ɗinki biyu za su shiga har da teburin yanka. Ya ce, “Ba mugunta ba ce, ƙanena. Ko ta tashi, da wane hannu za ta juya muciya?”

Na ce da nawa.

Ya kai hannu zai taɓa gilashin takardar. Na ce ya bari. Ban san muryata tana iya fita haka ba, shi ma bai sani ba. Ya naɗe awonsa ya tafi.

Saura kwana biyar. Zan dafa ko sau goma ne.

Lahadi, 15 ga wata, da yamma

Na huɗu. Na ninka kaki da soda, na ce in talibambam ne suka yi kaɗan, ga su nan. Ya yi kauri kamar zai kama, amma gudajin sun ninka su ma, a hannu yana birgima ba ya shiga fata.

Da na zo wanke tukunyar ruwa, na ga farin ɓawo ya manne a gindinta, na kankare da farce. Tukunyar nan shekararta ashirin a hannun Inna, ba ta taɓa yin ɓawo ba.

Na gani. Na daɗe a tsugune.

Litinin, 16 ga wata, ƙarfe uku na rana

Na ɗebo ragowar tataccen ruwa daga ɗakin gwaji na makaranta, rabin kwalba. Na samu ƙananan kwalabe biyu, ɗaya tataccen, ɗaya na famfona. Na ɗiga sabulu daidai wa daida, na girgiza. Na farko ya yi kumfa har wuya. Na biyu ya yi fari kamar tsinkakken nono, kumfa ko ta rantsuwa babu.

Darasin zango na biyu ne, ni nake koyar da shi. Ruwan da ya ratso duwatsu yana ɗauko kalsiyam, ɗan'uwan farar ƙasa. Shi kuma hannu biyu gare shi, da su sai ya cafke kawunan sabulu biyu ya ɗaure su. Wanda aka ɗaure ba ya layi a saman ruwa, ba ya curi, ba ya tsaron ɗigon mai, sai dai ya zama gudaji. Ɗigon da ba mai tsaro kuwa ya nemi 'yan'uwansa su hau sama. Tafasawa tana fitar da wani, shi ne ɓawon, ta bar wani. Ruwan sama, wanda Inna ke tarawa a ganga, bai taɓa dutse ba.

Tun ranar Juma'ar farko na sani. Wani wuri a cikina ya sani, na hana shi magana, na je na zagi kakin bawan Allah.

Da nake rubuta takardar nan shekara shida baya, Inna cewa ta yi ruwan ganga. Na ce, “Inna, ruwa ruwa ne, hukuma ba ta son surutu.” Na rubuta ruwa.

Ranar Asabar ɗin na zo na tarar ba ta ko taɓa famfon ba, wata biyu. Na buɗe ganga na ga 'ya'yan sauro suna wutsil-wutsil. Ta ce ai tana tacewa, tana tafasawa. Na ce abin kunya ne a ce uwar malamin kimiyya tana kiwon sauro. Na faɗi wasu maganganun kuma. Na tura ta farko, na tura ta biyu. Ta riƙe bakin ta ukun da hannu biyu tana cewa, “Auta, ruwan sama ya ɗauke, sai baɗi.” Na fi ta ƙarfi.

Iyakar abin da zan rubuta ke nan. Likita ya ce abin ya daɗe yana taruwa a jikinta, da ko yaushe zai zo. Na ji shi.

Talata, 17 ga wata, da magariba

Lita ashirin nake bukata, don jami'ar cikakkiyar tukunya take son gani. Injin tace ruwa na makaranta ya mutu tun bara. Na sayi ruwan batir a wurare uku, na gwada, biyu suna da tsami, na ukun ruwan famfo ne aka sa wa hula. Mai Kanti ya ce nasa sai wani mako. Na ba shi haƙuri a kan kakin, ya ce ya manta.

Na kifa murfi a kan tukunya, na sa kwano a ciki ina tarar tururi. Awa uku, kofi ɗaya da rabi. Na duba sama, ko gajimare ɗaya babu.

Saura jibi. Ban san yadda zan yi ba, amma ban sauke tukunyar ba.

Laraba, 18 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Na shiga.

Ban shirya ba. Na kai abinci, Yaya ta miƙo hannu, sai na wuce ta. Kwalaben nan biyu suna aljihuna tun shekaranjiya.

Inna ta ƙanƙance. An jingina ta da matashi, gefen bakinta ya ɗan sauka. Ta gan ni, ta kawar da kai wajen taga. Na durƙusa na gaishe ta, ba ta amsa ba. Duk maganar da na tara kwana goma sha takwas ta gudu. Sai na ciro kwalaben kamar ina gaban aji, na girgiza ta farko, na girgiza ta biyu, na ɗora su a kan zanenta.

Ta juyo. Ta dubi mai kumfa, ta dubi mai gudaji.

Na ce, “Inna, ruwan ne. Sau huɗu ina dafawa yana tsinkewa. Ke ce da gaskiya, ni ne ban sani ba. Na zubar miki da ruwa, na faɗa miki maganar da ɗa ba ya faɗa wa uwarsa. Ki yafe mini.”

Yaya ta fita baranda. Matar gadon kusa ta juya mana baya, Allah ya saka mata.

Inna ta ɗauki kwalbar famfon da hannun hagu, ta girgiza da kanta, ta kanga a haske. Ta yi wani ƙaramin sauti a hanci. Na san shi, shi take yi in mai talla ya faɗi abin da bai sani ba.

Na ce mata gobe ce ranar ƙarshe, kuma ba ni da ruwa.

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta kai hannu wuyanta tana jan zaren da ke ciki, ya ƙi fita. Na taimaka mata na zare. Ɗan makulli ne. Na ce na ina ne? Ta buɗe baki, kalmar ta ƙi zuwa, ta sake, ta ƙi. Ta buga katifa da tafin hannu, ta nuna ƙasa.

Yaya daga bakin ƙofa ta ce, “Ɗakin Baba. Ƙarƙashin gado take nufi.”

Ba ta ce ta yafe ba. Ba ta kira sunana ba. Amma makullin yana hannuna.

Alhamis, 19 ga wata, da azahar

Na nemi izini a makaranta. Ɗakin Baba a kulle yake tun rasuwarsa, Inna kaɗai ke shiga ta share. Na durƙusa na ɗaga zanen gado.

Jarkoki shida cike da ruwan ganga, a jere, kowace an ɗaure bakinta da leda da tsumma. Sababbi ne, har da takardar kanti a jikin ɗaya, kwanan watan makon da na kawo masu haƙa rijiya. Wato tun ranar da ta ga na fara auna bango da bututu ta san halin ɗanta. Ta yi ta ɗiba kofi-kofi tana ɓoyewa, ba ta ce mini komai ba.

Na zauna a ƙasa na yi kuka, ni kaɗai, har na gaji. Sannan na tashi na wanke fuska, don wuta ba ta jira.

Na gwada a ƙaramar kwalba, kumfa har wuya. Na tace da farin ƙyallenta, na tafasa. Na koma awonta na asali, murfi uku, ban ƙara ba ban rage ba. Na ajiye ma'aunin zafi a gefe, na kanga bayan hannu, sannan na saci kallonsa, sun yi daidai. Na zuba. Tun juyi na ashirin na ji bambanci a muciya, tana tafiya sumul, man yana sheƙi yana bin ta. Babu gudaji ko ɗaya.

Ba zan yi alfahari ba wannan karon. Kwalba tana taga.

Juma'a, 20 ga wata, da safe

Bai tsinke ba.

Lahadi, 22 ga wata, da safe

Bai tsinke ba. Na wanke gangunan da soso, na sayo raga mai ƙananan ido da murafe.

Talata, 24 ga wata, da yamma

Yana nan. Kullum ina shiga wurin Inna yanzu. Ina ba ta labarin kwalbar, tana saurare da ido a rufe. Har yau da Yaya take magana, ni sai dai ta nuna mini abu da hannu. Na karɓa.

Alhamis, 26 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Jami'ar ta zo da jakarta da safar hannu. Ta tambayi Hajiya, na faɗa mata, ta yi addu'a. Ta duba tukwane, ta duba ƙasa, ta ɗauki kwalbar taga ta kifa ta, ta shafa a bayan hannunta. Ta zaɓi wata da kanta daga cikin sababbin ta liƙe bakinta.

Na ce akwai gyara a takardar haɗin. Na karɓi biro, inda na rubuta ruwa shekara shida baya na ƙara: na sama, a tace, a tafasa. Na fara yi mata bayanin kalsiyam da kawuna da jeloli.

Ta ce, “Malam, na sani. Hajiya ta nuna mini gangunanta tun zuwana na farko. Na ɗauka kai ma ka sani.”

Ta ce a sa musu murfi, na nuna mata. Sakamako sai mako mai zuwa.

Na kai wa Mai Wanki kwalba biyu. Ya shafa nan take a bakin baho.

Juma'a, 4 ga sabon wata, ƙarfe shida na yamma

Takardar ta fito jiya. Na sa ta a gilashin, na goge. Mijin Yaya ya aiko da gaisuwa, bai zo ba.

Yau aka sallami Inna. Ba ta yarda a wuce da ita ɗaki ba, ta yi ta nuna bayan gida har muka tura keken marasa lafiyan da take kai can. Ta dubi bango. Ta dubi tukwane. Ta dubi famfona, na ce ya zama na wanke-wanke. Na miƙa mata kwalba, ta kifa da hannun hagu, ta lakata, ta murza tsakanin yatsu kusa da kunnenta, yadda take yi tun muna yara.

Ta ɗora mini hannun daman a cinya da ɗayan hannun. Na gane. Na shafa mata, yatsa bayan yatsa, sannan na durƙusa na shafa dugadugan.

Ta ƙofar baya ana hango gangunan a ƙarƙashin indararo, a tsaye, da raga da murfi, babu komai a cikinsu tukuna. Ta daɗe tana kallonsu. Bakinta ya motsa.

“Uku,” ta ce.

Na ce, “Uku, Inna. Duk na mayar.”

Ta girgiza kai. Ta ɗaga yatsu huɗu.

Yaya ta ce, “Huɗu kuma? Inna, ukun ma ai sun ishe ki shekara.”

Ba ta kula ta ba. Ni take kallo. Kalmar ta ƙi, ta jira ta, ba wanda ya taya ta.

“Auta,” ta ce. “Ɗaya naka.”

Gobe da safe zan je in sayo.